Wace kalma za mu ba "direban" katin hoto?

1/ Jama'a, ina so mu tsayar da kalma ɗaya. Manhajar nan da ke tsakanin babbar manhajar kwamfuta (irin su Windows ko Linux) da katin hoto (ɓangaren da ke fitar da hoto a allo), wadda Nvidia da AMD da Intel ke fitarwa, masu gyara suna kiranta direba. Ni dai kalmar ba ta kwanta mini ba.

2/ Ka ce wa wanda bai san harkar ba "direbanka ne ya lalace", hankalinsa kan mota zai tafi. Matuƙi ma haka. Linzami ya so ya dace, amma tuni aka ba abin da muke jan kibiya da shi a allo.

3/ Shawarata ita ce tafinta. Windows ko Linux ba su jin yaren kowane kati. Su dai su ce a zana kaza, sai wannan manhaja ta mayar da umarnin zuwa abin da katin ke fahimta. Aikinta ke nan. Ku gwada kalmar a kan matsalolin da ke biyo bayan canza ta, za ku ga tana bayyana ciwon da kanta.

4/ Ka ɗora sabon tafinta, ka sake kunna kwamfuta, sai ka tarar rubutu ya yi manya-manya, hoto ya baje, allo na biyu ya ƙi kawowa. Kati lafiyarsa lau. Sabon tafintan ne bai kama aiki ba, Windows ta koma kan nata mai suna Microsoft Basic Display Adapter, wanda zan kira tafintan wucin gadi. Yana iya nuna hoto, amma bai san ƙarfin katinka ba. Ka buɗe Device Manager, inda Windows ke jera na'urorin kwamfutarka, in sunan nan ka gani a gurbin sunan katinka, ka gano bakin zaren.

5/ In allon ya yi baƙi ko ya daskare, fara danna maɓallan Windows da Ctrl da Shift da B tare. Wannan yana sake tayar da tafintan ba tare da an kashe kwamfuta ba. Ita ma Windows tana yin haka da kanta idan katin ya yi daƙiƙa 2 bai amsa ba, shi ya sa wani lokaci allo ke ɗaukewa ya dawo. In abin ya ƙi, shiga Safe Mode, yanayin da Windows ke tashi da abubuwan dole kawai, ka mayar da tsohon tafinta ta hanyar Roll Back Driver a cikin Device Manager.

6/ Wurin da kalmar ta fi burge ni shi ne rikicin tsoho da sabo. Wanda ya cire katin AMD ya sa na Nvidia bai goge tafintan tsohon katin ba, ya bar tafinta biyu ke nan, kuma ragowar tsohon na iya yi wa sabon katsalandan. Maganinsa a share duka da manhajar DDU mai goge tafintocin katin hoto a cikin Safe Mode, sannan a ɗora ɗaya.

7/ 'Yan Linux sun san wannan sarai. Sai an toshe nouveau, tafintan katin Nvidia da ke zuwa tare da Linux, kafin na kamfanin Nvidia ya yi aiki. In allo ya yi baƙi, Ctrl da Alt da F3 za su kai ka inda za ka rubuta umarni. Ka duba Secure Boot kuma, tsarin tsaron da ke aiki lokacin tashin kwamfuta, domin yana hana tafintan da ba shi da sa hannun tantancewa shiga.

8/ Na san za a ce tafinta ai na fassarar harshe ne, kuma masu rubuta manhaja suna bukatar kalmar don abin da ke karanta Python, yaren rubuta manhaja. Gaskiya ne, ban raina wannan ba. Amma mu kullum da jingina za mu faɗe ta: tafintan katin hoto, tafintan firinta, tafintan sauti. In ana maganarsu gaba ɗaya, tafintocin na'ura.

9/ Malamai masu gyara, ku ne ke magana da masu kwamfuta kullum. Ku gwada ce musu "tafintan katin hotonka ne bai dace ba, za mu mayar da tsohon", ku faɗa mana ko sun gane ba tare da ƙarin bayani ba. Mai kalmar da ta fi wannan kuma ya kawo ta, mu ɗora ta a kan waɗannan matsalolin mu gani.