Muhawara: shaida sai da baki, ko hali kaɗai ya isa?

Ishaku: Salama 'yan'uwa. Akwai maganar da ta daɗe tana cina, nasan ba kowa zata yiwa daɗi ba. Wannan wa'azin asuba da matasanmu ke zagaya layi da lasifika tun ƙarfe biyar, da sitikar da muke mannawa a ƙofa da bayan mota, ni a ganina ba shaida bace. Shaida ita ce zamanka da maƙwabci, in halinka yayi kyau ba sai ka buɗe baki ba. Mai musu ya fito.

Bulus: Gani na fito. Ɗan'uwa ka buɗe Romawa 10:14, yaya zasu ji in babu mai yi musu wa'azi? Ba'a ce yaya zasu gani ba.

Ishaku: Kai kuma ka buɗe Matiyu 5:16, ayyukanku masu kyau aka ce su gani.

Rifkatu: Toh an fara jifa da ayoyi, yau ba barci kenan.

Dattijo Danladi: Yarana ku tsaya in tambaye ku, su waye maƙwabtan da kuke magana akai? Mu da muka girma a Tudun Wada a nan Kaduna katanga ɗaya ce tsakaninmu da musulmi, tare muke ɗiban ruwa tare muke zuwa suna da zaman makoki. Rikicin shari'a na Fabrairun 2000 ya watsa wannan zaman, rikicin Nuwamban 2002 yazo ya ƙarasa abin da ya rage, kiristocin Tudun Wada da Rigasa suka ƙetaro gada zuwa Sabon Tasha da Television da Romi da Gonin Gora, musulmin wannan ɓangaren kuma suka koma can. Yanzu yaron da ya ɗauki lasifika a Romi da asuba wa yake yiwa wa'azi? Na dama ɗan ECWA na hagu ɗan Katolika na gaba ɗan Baptis, duk sunyi baftisma tun kafin a haife shi, barcinsu kawai ya hana.

Bulus: Baba da girmanka, ba duk mai zuwa coci ne ya tuba ba ai. Ka leƙa gidajen giya na unguwarmu ranar Lahadi da yamma ka ga su waye a ciki.

Dattijo Danladi: Wannan gaskiya ne, ban musa ba. Amma mashayi baya jin kira ƙarfe biyar na asuba, lokacin ma ya kwanta.

Mama Saratu: Bari in sa baki tunda ni ce har yanzu nake cikinsu. Gidan hayar da muke a Unguwar Rimi mu kaɗai ne kirista, duk layin sun sani, ba don sitika ba, suna ganina da anko na zumuntar mata ina fita. Ban taɓa ɓoyewa ba kuma ban taɓa kai wa kowa wa'azi ɗaki ba. Kirsimeti in zamu yanka kaji maƙwabcinmu nake kira ya yanka da hannunsa saboda kowa yaci hankali kwance, in ba haka ba zasu karɓi shinkafar da fara'a su gode amma naman bazai shiga bakinsu ba, kuma ni bana jin haushi, addininsu ne. Da maigidana ya rasu matan layin nan su suka riƙe min girki, a wurin ne ɗaya ta jawo ni gefe tace Maman Dauda wai ku me yasa kuke waƙa ga gawa a gabanku? Na faɗa mata dalili, nace mun gaskata Yesu ya tashi daga matattu kuma wanda ya mutu a cikinsa zai tashi. Ta saurara har na gama, bata zama kirista ba, har gobe tana sallarta kuma har gobe tana aiko min da kunu in sun buɗe baki.

Ishaku: Kun ji ko? Abin da nake faɗa kenan.

Bulus: A'a Ishaku kar ka janye Mama ɓangarenka, ai ta buɗe baki tayi magana! Da ta tsaya akan hali kawai da sai tace haka al'adarmu take a wuce wurin. Kuma in faɗa maka wani abu, mutumin da shagonsa ke jikin nawa a babbar kasuwa musulmi ne, ya fini kyauta ya fini haƙuri da kwastoma, duk Juma'a yana raba abinci a bakin shago. In hali kaɗai ne shaida toh shine ke min shaida ba ni nake masa ba. Kirki babu wanda ya mallake shi, in baka ambaci sunan Yesu ba mutumin kirki kawai za'a ce.

Rifkatu: Nan kam Bulus ya riƙe wuri. Amma ni abin da ke damuna daban ne, wannan salon da ake koya mana a taron bishara wai kayi wa maƙwabci alheri domin ƙofa ta buɗe. Mutane ba wawaye bane fa, suna gane ruwan burtsatsen da aka basu saboda Allah da wanda aka basu da ƙugiya a ciki. In ranar da yace bazai bi ka coci ba ka rufe famfo, ai dama ba ƙauna bace.

Bulus: Wa yace a rufe famfo? A bashi ruwa a kuma faɗa masa gaskiya, ina laifin haɗa biyun.

Rifkatu: Laifin a lokaci ne da murya. 1 Bitrus 3:15 cewa yayi ka zauna a shirye ka amsa wa wanda ya tambaye ka, kuma da ladabi. Wanda ya tambaya fa. Sannan kafin ma ayi nisa, akwai masu sitikar Yesu a ƙofa da mai shagon layinsu ke bi bashin tun bara, suna ganinsa su canza hanya, wannan wace shaida ce? A fara biyan bashi tukuna.

Ishaku: 😂 Rifkatu kar ki kira suna dai.

Dattijo Danladi: Ku dubi Fasto James Wuye da Imam Muhammad Ashafa nan garin. Wuye ya rasa hannunsa a rikicin 1992, a 1995 suka haɗu suka fara aikin sulhu tare, kuma bai ajiye fastancinsa ba, shima ɗayan bai ajiye limancinsa ba. Musulmin da bazai taɓa taka ƙofar coci ba ya zauna ya saurari faston nan saboda yaga abin da ya yafe.

Bulus: Ina girmama su Baba, amma wancan aikin zaman lafiya ne, bishara daban. Tsorona kenan, kar mu wayi gari duk shaidarmu ta koma kai ziyara da ɗaukar hoto. Kuma mu faɗi gaskiya, da yawa masu cewa hali ya isa tsoro ne ke cinsu ba hikima ba.

Mama Saratu: Ɗana, daga Romi kake rubuta wannan. Wanda zai kwana a layin bayan an gama wa'azin shi ya san nauyin kowace kalma. Ba tsoro bane, ina da 'ya'ya kuma ina so gobe in an tambaye ni a sake saurarona.

Ishaku: Toh maganar lasifika fa? Ni zan kai ta gaban kwamitin matasa ranar Lahadi, ko a mayar da ita yamma ko a daina.

Bulus: Ka kai, ina nan zan kare ta.

Mama Saratu: Ku bar lasifika tukuna. Sallah na zuwa, duk shekara ni kaɗai nake zagaya gidajen layinmu gaisuwa, a cikinku masu zafin baki wa zai ƙetaro gada ya raka ni?

Rifkatu: Ki sa sunana Mama.

Bulus: Nima zan zo, amma in aka tambaye ni bazan yi shiru ba fa.

Mama Saratu: Ba wanda yace kayi shiru. Ka dai jira a tambaye ka, kuma in an kawo nama kaci.