Gidan RAM ɗaya ya daina aiki a kwamfutar shagona, ku ba ni shawara don Allah

Baban Ummi:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Masu ilimin gyaran kwamfuta ku taimaka min, wallahi kaina ya ɗaure. Ina da ɗan shagon buga takardu kusa da wata sakandare a unguwarmu, ina yin katin biki, takardun makaranta, wani lokacin da aikin ɗalibai masu kammala karatu. Shagon ma ba nawa ba ne, na yayana ne, ya ba ni in riƙa zama bayan aikin da nake yi a kamfani ya tsaya, da sharaɗin ni zan riƙa biyan kuɗin wuta da na shara. Kwamfutar kuwa da kuɗin adashin maiɗakina aka saye ta. Ta hannu ce, irin ta tebur da ake shigowa da su daga waje, firosesarta, wato ƙwaƙwalwarta, Core i5-4570 ce. Har yau ban gama mayar mata da kuɗinta ba. Ba ta taɓa ɗaga min maganar ba, amma duk magidanci ya san nauyin irin wannan shirun.

Da RAM gig 4 ta zo, wato ma'adanar wucin gadi da kwamfuta ke riƙe aikin da take kan yi. In na buɗe CorelDraw na ɗora hotuna sai ta riƙa jan ƙafa, mai kati yana tsaye a kaina yana duba agogo. Shi ne na daure na sayo gig 8 na ƙara, ta koma 12, aiki ya yi daɗi. Kwanan nan sai ta fara yin shuɗin allo tana mutuwa da kanta, har na ga an rubuta MEMORY_MANAGEMENT. Ranar Asabar kuma ta ƙi tashi sam, fanka na juyawa, allo baƙi ƙirin, sai ƙara take tit-tit-tit. Na cire sabon RAM ɗin, ta tashi. Na cire tsohon na sa sabon a gidansa, wato ramin da ake soka RAM a ciki, nan ma ta tashi ta nuna 8. Amma duk wanda na sa a ɗaya gidan, sai ƙara.

Ga bukukuwa sun matso, na riga na karɓi kuɗin kati a hannun mutane. Gidan ne ya mutu? Ana gyara shi ko sai an canja bod, wato babban faifan da komai ke jikinsa, gaba ɗaya?

Injiniya Mai Fitila:
Wa alaikumus salam. Malam ba sai ka yi dogon bayani ba, na gano matsalar tun daga layin farko. An haɗa ka da RAM ɗin da bai dace ba. Duba takardar da ke jikinsa. In ka ga PC3L to na volt 1.35 ne, in PC3 ne kawai na 1.5 ne. Ka haɗa biyun wuri ɗaya dole su yi faɗa. Wannan aikin na daɗe a cikinsa, a rana sai a kawo min irinta nawa. Mayar wa wanda ya sayar maka ya canja maka, shi ke nan.

Baban Ummi:
Injiniya na gode, amma ai na ce sun daɗe suna aiki tare lafiya. Kuma wanda ya sayar min ɗan unguwarmu ne, tare muke sallah, ba zai cuce ni ba.

Injiniya Mai Fitila:
Wanda kuke sallah tare shi ne ma ya san ba za ka dawo masa da kaya ba. Ni dai na faɗa maka.

Malamar Kwamfuta:
Injiniya, Allah ya huci zuciyarka, amma wannan hukuncin ya fi kama laftof. A can ne wasu ba sa karɓar komai sai DDR3L, wato mai PC3L ɗin. Ta tebur mai wannan firosesar tana karɓar duka biyun, kuma yawancin DDR3L na iya aiki a kan 1.5. Ban da haka, ya ce kowanne shi kaɗai ya sa a wancan gidan ba ta tashi. In shi kaɗai ne, da wa zai yi faɗa?

Baban Ummi, ba ka faɗa mana abu mafi muhimmanci ba. Gidajen RAM nawa ne a bod ɗin, biyu ko huɗu? Kuma kafin matsalar ta fara, an buɗe kwamfutar ko an ɗauke ta daga inda take?

Ɗan Kurna:
Ƙura ce kawai. Wannan hunturun ba abin da ya bari. Samo kilina irin ta 'yan makaranta, fara, ka goge ƙafafun RAM ɗin masu ruwan zinare har su yi ƙyalli, ka kakkaɓe. Shi kuma gidan ka ɗiga masa fetur kaɗan ka bi da buroshin haƙori. Tawa haka na yi mata.

Malamar Kwamfuta:
Don girman Allah kada ka zuba fetur. Kilina a jikin RAM babu laifi in an yi a hankali aka share ɓurɓushin. A cikin gidan kuwa iska ce ta fi, sai buroshi mai laushi da aka ɗan jiƙa da isopropyl, irin ruwan da masu gyaran waya ke wanke bod da shi. Ka zare wayar wuta tukuna, ka danne maɓallin kunnawa na ɗan lokaci ragowar wutar ta fita, ka taɓa ƙarfen akwatin kafin ka taɓa komai a ciki. Kuma ka bari ya bushe sarai.

Ɗan Kurna:
To Malama, mu da muka yi da fetur har yanzu tamu na aiki.

Alhajin Fotokwafi:
Ni abin da ya dame ni da masu gyaran nan ke nan, kowa da tasa fatawar. Bara na kai tawa wajen wani yaro saboda ba ta kawo hoto. Ya ce in dawo gobe. Gobe ta zama jibi, jibi ta zama wata. Da na karɓo ta, tana aiki kam, amma ta koma kamar mai ciwon ƙafa. Sai da ɗana ya dawo hutu ya duba ya ce Baba ai gig 8 ɗinka ya koma 4. Na koma shagon, yaron ya rantse da abin da zai kashe shi haka na kawo ta. Uban gidansa ma ya goya masa baya. Tun daga ranar duk abin da zan kai gyara sai na ɗauki hoton cikinsa, na sa wa RAM alama da jan farce na Hajiya. Baban Ummi, in za ka kai, ka tsaya a kansu, ko fitsari kada ka fita.

Injiniya Mai Fitila:
Alhaji ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Ku ma masu kawo gyaran kuna da naku. Mutum zai kai wa yaron da bai san komai ba don neman araha, a jagwalgwala, sannan a kawo mana gawa a ce mu tashe ta, kuɗin aiki kuma sai an yi ciniki kamar na tumatir.

Baban Ummi:
Malama gidaje huɗu ne, biyu baƙaƙe biyu farare. Ni a fararen nake sawa don haka mai sayarwar ya ce, kala ɗaya ake haɗawa. Maganar buɗewa kuma, ni ban taɓa komai ba. Ɗan yayata da ke taya ni zaman shago ne ya hure mata ƙura da bulawa kwanakin baya, don fankar na ihu. Amma yaron ya iya, a waya yake kallon yadda ake yi, har man firosesa ya canja mata, zafinta ya ragu sosai.

Malamar Kwamfuta:
Yauwa, yanzu aka zo wurin. Ya cire fankar kawai ya shafa man, ko har firosesar ya ɗaga daga mazauninta?

Ga dalilin tambayar. A kwamfutocin wannan zamanin, abin da ke sarrafa RAM yana cikin firosesa ne, ba a jikin bod ba kamar na da. Taka tana zama a mazauni da ake kira LGA1150, wato ƙananan allurai 1150 ne tsaye a jikin bod ɗin, firosesar ta kwanta a kansu. Da yawa daga cikin alluran nan hanyar RAM ce. Guda ɗaya ta lanƙwashe, ko man ya ɗiga a kai, ko a ɗaure fankar gefe ɗaya ya fi ɗaya tauri, sai layin RAM guda ya ɗauke, alhali gidan kansa lafiyarsa ƙalau.

Gwajin ba ya cin ko sisi. Ɗauki RAM ɗaya, wanda ka tabbatar yana aiki, ka bi gidaje huɗun ɗaya bayan ɗaya, kana kashewa da zare wuta kowane karo, kana dannawa har kunnuwan su kama da kansu. A yawancin bod, biyun da ke kusa da firosesa layi ɗaya ne, biyun nesa layi ɗaya. In gida ɗaya tal ya ƙi, to shi ne mai laifi: haska shi da tocila, ƙila ka ga ƙura, tsatsa ko ƙafar da ta karkace. In kuwa biyu maƙwabta suka ƙi tare, zargin ya koma kan mazaunin firosesa.

Injiniya Mai Fitila:
Ai abin da nake shirin faɗa ke nan. Tunda yaro ya sa hannu, bod ya tafi. Kada ka ɓata lokacinka da gwaje-gwaje. Gidan RAM na DDR3 ƙafa 240 gare shi, wa zai zauna ya cire maka shi ya liƙa wani ba tare da ya ƙona bod ɗin ba? Kuɗin aikin ma ya kusa sayen wani na hannu. Nemi bod kawai. In kana cikin gari ka yi min magana ta gefe, ina da su.

Alhajin Fotokwafi:
Ka ji ko? Ɗazu RAM ne, yanzu bod ne, kuma yana da su.

Baban Ummi:
Don Allah a daina ɗora wa yaron. Maraya ne, ni nake riƙe da shi, kuma bayan ya yi aikin ta ci gaba da aiki, ba a ranar ta lalace ba. Ni na fi zargin wuta. Layinmu in an kawo ta wani lokacin kwan fitila ma da ƙyar yake ja, can kuma ta zo da ƙarfi.

Malama na yi gwajin. Biyun kusa da fanka duk suna tashi. Biyun nesa, farin yana ƙara, baƙin kuma sau ɗaya ta tashi ta kai tambarin Windows ta tsaya, da na sake sai ƙara.

Ɗan Kurna:
Kana da sitabilaiza?

Baban Ummi:
Babu. Ana maganar kuɗin adashi ban biya ba kana maganar sitabilaiza.

Malamar Kwamfuta:
Ba wanda ya ce yaron ya yi da gangan, manyan masu gyara ma na lanƙwasa allurar nan. Kuma ba lallai ta nuna a ranar ba, in taɓawar sama-sama ce zafi da sanyi na iya raba ta daga baya, shi ya sa shuɗin allo ya riga ƙarar zuwa. Da wuta ce, da wuya ta zaɓi layi ɗaya ta bar ɗaya.

Ga mafita ta yau: sa RAM biyun a gidaje biyun kusa da fanka, fari da baƙi. In ta tashi, gig 12 ɗinka ya dawo. Abin da ka rasa kawai shi ne aiki ta layi biyu lokaci guda, kuma a aikin kati da buga takarda yawan RAM ya fi wannan tasiri. Buɗe Task Manager, wurin da Windows ke nuna aikin kwamfuta, ka duba ko ta nuna 12, kuma ka lura da wurin da aka rubuta Hardware reserved, wato RAM ɗin da aka ware Windows ba ta amfani da shi, kada ya zama ya cinye gig da yawa. Sannan ka sa manhajar gwajin RAM mai suna MemTest86 a filashi ka bar ta ta kwana tana gwaji, ko ka rubuta mdsched a wurin bincike na Windows. In babu kuskure, yi aikin bukukuwanka. Bayan sun wuce, a sassauta fankar a sake ɗaure ta daidai, kusurwa da kusurwa. In ba ta warware ba sai a ɗaga firosesar a duba alluran da madubin ƙara girma.

Injiniya Mai Fitila:
Wannan lallaɓawa ce ba gyara ba. Bod ɗin da ya fara mutuwa ba ya tsayawa a rabi. Ranar da kati yake hannunka amarya na jira, ranar za ta yi maka tsiya, ka tuna na faɗa. Kuma kada ka bari kowa ya taɓa alluran nan da reza, in ɗaya ta karye tana iya daina tashi gaba ɗaya.

Maman Sadik:
Ni dai Baban Ummi, ka faɗa wa maiɗakinka halin da ake ciki tun yanzu. Mu mata ba asarar ce ke ƙona mana rai ba, a bakin wani mu ji. Nawa mijin ya sayar da injin markaɗen da na saya da gadona, sai a gidan suna na ji labari.

Baban Ummi:
Hajiya ba ta kai can ba, kwamfuta na aiki da 8 ɗin. Malama, ni tsorona haɗa fari da baƙi. Mai sayarwar ya ja min kunne sosai a kan kala, kuma in na sa ya ƙona min sauran biyun fa? Gara in lallaɓa da 8 ɗin. Firosesa kuma ba zan bari a sake ɗagawa ba, yaron ya ce bai tuna ko ya cire ta ba, ni kuma na yarda da shi. Zan dai gwada kilinar Ɗan Kurna da daddare in an kawo wuta.

Malamar Kwamfuta:
Kala ba ta ƙona komai, alama ce kawai ta inda ya fi sauri. Kuma RAM ɗin da ke tashi a gida biyu ba kilina yake buƙata ba.

Injiniya Mai Fitila:
Bar shi Malama, zai neme mu.

Ɗalibi Mai Neman Sani:
Salam, afuwan na shigo tsakiyar magana. Laftof ɗina Task Manager na nuna gidan RAM biyu, ɗaya babu komai, amma na buɗe bayanta gida ɗaya kawai na gani. Ɗayan yana ƙarƙashin kibod ne ko yaya? Kuma Injiniya nawa kake sayar da gig 8 na laftof?