Renon tauraro: wasa ƙwaƙwalwa ne ko zaman jira?

Auwal:
Salamu alaikum. Ina so mu tattauna kan irin ƙananan wasannin nan da mutum ɗaya ko biyu kan ƙirƙira, ba manyan kamfanoni ba, inda ake ba ka gajimaren iskar gas a sararin samaniya, babu bayani babu umarni, ka saita yawansa, ka sake shi, ka zauna kana kallo ko zai zama tauraro. Ana cewa wasa ƙwaƙwalwa ne, ana kuma yabon jinkirinsu. Ni ban yarda ba, kuma hujjata daga kimiyyar kanta take. Nauyi ne kaɗai ke yanke wa tauraro hukunci. In gas ɗin bai kai kashi 8 cikin 100 na nauyin Rana ba, wato kamar nauyin duniyar Jufita 75 zuwa 80 a haɗe, haidurojin ba zai kama ci ba, sai a sami wada mai ruwan ƙasa, wato abin da bai kai zama cikakken tauraro ba. In ya wuce nauyin Rana sau 8, ƙarshensa fashewa. Abin da ke tsakani ya ƙare a farin wada, wato ƙaramar tsakiya mai zafi da ke ragewa bayan tauraron ya mutu. Iyaka biyu ke nan, kuma gano su ba wuya: ka gwada 0.05 na nauyin Rana ya ƙi, ka gwada 0.1 ya kama, ka gwada 0.075, kana raba tazarar biyu har ka ritsa ta. Gwaji biyar ko shida ya wadatar. Duk abin da ya rage jira ne.

Malama Rabi:
Wa alaikumus salam. Malam Auwal, ka fara lissafi daga inda tauraro ya riga ya samu, ka tsallake mataki mafi wuya. Gajimare ba ya dunƙulewa don kawai yana da nauyi. Abu biyu ne ke kokawa a cikinsa: nauyinsa na jan sa ciki, zafinsa na tura shi waje. Masanin kimiyya James Jeans ya yi wannan lissafin tun 1902. Gajimaren da taurari ke fitowa daga cikinsu sanyinsu ya kai kusan digiri 263 ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyos. Sabon ɗan wasa zai ce, tunda tauraro wuta ne, bari in ɗumama gas ɗin in taimaka masa. Yana ɗumamawa gajimaren zai buɗe ya watse. Zai ƙara nauyi, ya sake ɗumamawa, ya sake watsewa. Sai ya juya tunaninsa gaba ɗaya ya gane cewa sanyi ne ke kai shi ga digiri miliyan 10 a tsakiya. Raba tazara biyu ba zai gano maka wannan ba, domin maɓallin da kake murɗawa ma ba shi ne ba.

Ga kuma juyawa. Gajimaren da ke juyawa a hankali, yana ƙanƙancewa yana ƙara gudu. In juyawar ta yi yawa ba zai taru wuri ɗaya ba, sai ya baje kamar faifai ko ya tsage gida biyu. Mai neman tauraro ɗaya mai nauyin Rana 10 sai ya tsinci kansa da ƙanana da yawa. Haka Kaza da 'ya'yanta suka samu, daga gajimare ɗaya, shekara kusan miliyan 100 da suka wuce.

Auwal:
Na karɓi maganar sanyi, Malama, wannan tarko ne mai kyau. Amma sau ɗaya yake kama mutum. Ranar da ka gane, ka gane har abada. Maɓalli uku maimakon ɗaya bai mai da abu wasa ƙwaƙwalwa ba.

Nasiru:
Ɗan'uwa, a nan nake ganin ka yi kuskure. Kana auna wasan da tauraro ɗaya, alhali tambayar da ta dace a ba ɗan wasa ba "kunna tauraro" ba ce, "samo mini kabon" ce, ko "samo mini ƙarfe". Dubi yadda abin yake. Gas na farko kusan kashi uku cikin huɗu haidurojin ne, sauran hiliyom. Babu kabon ko ɗigo. Kafin a samu sai tauraro ya cinye haidurojin ɗin tsakiyarsa, tsakiyar ta matse, zafi ya kai digiri miliyan 100, sannan ƙwayoyin hiliyom uku su haɗe su zama kabon ɗaya. Jan wada, wato ƙaramin tauraro mai ƙarancin nauyi, ba zai taɓa kaiwa nan ba, komai daɗewar jira. Tauraro irin Rana zai kai, amma ya tsaya a kabon da oksijin, kuma mafi yawansu su maƙale cikin farin wadan da ya bari. Kabon kansa ba ya ci sai a wajen digiri miliyan 600, silikon kuwa sai an doshi biliyan 3. In an kai ƙarfe magana ta ƙare, domin haɗa ƙarfe ba ya ba da ƙarfi, ci yake yi, sai tsakiyar ta rufta.

To ga inda ƙwaƙwalwa ke aiki. Samar da abu daban, fito da shi daban. Sai ka zaɓi tauraron da zai yi abin kuma ya watsa shi, ka tara abin da ya watsa cikin sabon gajimare, ka sake. Sabon gajimaren kuma ba zai yi hali irin na farko ba, domin ƙura da kabon suna taimaka masa fitar da zafi, yana saurin yin sanyi, yana saurin tsagewa ƙanana. Saitin da ya ba ka ƙaton tauraro a zagaye na farko zai ba ka tarin ƙanana a na biyu. Abin da ka koya jiya ya zama abin da za ka sake gwadawa yau.

Hadiza:
Bari in ƙara kan maganar Yaya Nasiru da abin da ya taɓa ɗaure wa masanan kansu kai. Doka ita ce tauraro mai nauyi ya fi saurin tsufa. Mai nauyin Rana biyu haskensa ya kai na Rana sau 11, don haka maimakon shekara biliyan 10 bai kai biliyan 2 ba. Mai nauyin Rana 10 haskensa ya haura sau 3,000, rayuwarsa miliyan 20 zuwa 30. Amma a tauraron Algol, inda biyu ke zagaya juna kusa da kusa, an ga wanda ya fi ƙanƙanta ya riga babban tsufa. Amsar ita ce da shi ne babba, ya kumbura da tsufa, maƙwabcinsa ya janye masa gas. Malam Auwal, ka ce nauyi ne ke yanke hukunci. Haka ne, amma nauyin ba a tsaye yake ba in akwai maƙwabci. Ka sa farin wada kusa da jan ƙato, wato tauraron da ya kumbura da tsufa, yana jan gas har ya doshi nauyin Rana 1.4, iyakar da masani Chandrasekhar ya lissafa, sai ya tarwatse gaba ɗaya ya watsa ƙarfe. Wato tauraron da ka ce ba zai taɓa fashewa ba ya fashe, kuma tazarar da ke tsakaninsu ce ta jawo. Zinare ma haka: a watan Agustan 2017 aka ga karon taurarin niyutiron biyu, wato ragowar tsakiyar manyan taurarin da suka fashe, aka sami alamar cewa irin wannan karo na samar da abubuwa masu nauyi fiye da ƙarfe. Wanda zai kai nan a wasa sai ya reni manya biyu, dukansu su fashe, kuma fashewar ba ta raba su ba.

Auwal:
To 'yar'uwa, wannan ya shiga. In wasan ya kai ga taurari biyu da zagaye bayan zagaye, na janye rabin maganata. Amma rabin da ya rage yana nan daram, kuma ba wanda ya taɓa shi: jira. Mu yi lissafi. Ka mai da rayuwar Rana minti 10. Mai nauyin Rana 10 zai mutu cikin daƙiƙa biyu, ba ka ga komai ba. Jan wada mai shekara tiriliyan ɗaya zai cinye maka sama da awa 16. Cin silikon kuwa, wanda a zahiri kusan kwana ɗaya ne, ba zai ko gifta a allo ba. Wurin da abin kallo yake yana wucewa kamar walƙiya, wurin da ba komai shi ke daɗewa. Wannan jinkirin da ake yabo ba natsuwa ba ce, ɓata lokaci ne.

Malama Rabi:
Lissafinka daidai ne, kuma shi ne aibin da ya fi kashe irin waɗannan wasanni. Amma aibin agogo ne, ba na jinkiri ba. Bai kamata agogon wasan ya bi shekaru ɗai-ɗai ba. Ya bi sauyi: ya yi gudu inda tauraron ke zaune lafiya yana cin haidurojin, wanda shi ne kusan kashi 90 cikin 100 na rayuwarsa, ya ja birki duk inda launi ko girma ko haske ya fara motsi.

Kuma akwai abin da ba a ganewa sai an kalla a hankali. Lokacin da haidurojin ɗin tsakiya ya ƙare, tsakiyar tana matsewa tana ƙara zafi, fatar waje kuma tana kumbura tana yin sanyi, launi na komawa ja. Ɗan wasan da ya tsallake wannan zai ga ja ya ɗauka wuta ta ƙaru, ko ya ga sanyi ya ɗauka tauraron na mutuwa, dukansu kuskure. Tauraron Betelgeuse ja ne, fatarsa wajen digiri 3,500. Tauraron Rigel shuɗi-shuɗi ne, wajen 12,000. Rana tana wajen 5,500. Wanda ya ga tauraronsa na rikiɗa daga rawaya zuwa ja yana girma a lokaci guda, shi zai haɗa abin a ransa.

Nasiru:
Sharaɗi biyu zan sa, in babu su ina bayan Malam Auwal. Na ɗaya, saiti iri ɗaya ya ba da sakamako iri ɗaya kullum. In an ɓoye sa'a a ciki, gwaji ya zama caca, mutum ba zai san ko canjin da ya yi ne ya jawo bambancin ba. Na biyu, wasan ya ajiye tarihin kowane gwaji: nauyin farko, sanyi, juyawa, abin da ke cikin gas ɗin, da launi da hasken tauraron a kowane mataki. In an jera waɗannan a allo ɗaya, zafi a gefe ɗaya, haske a ɗaya gefen, ɗan wasa zai ga ɗigogin suna jeruwa kan layi ɗaya, irin taswirar da masana taurari Hertzsprung da Russell suka fitar wajen 1911 zuwa 1913. Ba sai an gaya masa ba.

Auwal:
Sharuɗɗan nan na yarda da su, kuma zan ƙara na uku: a ba ni ikon sakin gajimare huɗu ko biyar gefe da gefe, ina canza abu ɗaya a kowanne. Malama, kallon farko na rikiɗa zuwa jan ƙato ya cancanci jinkirinsa, ban musa ba. Amma a gwaji na goma, wanda ya riga ya san wannan matakin a bar shi ya tsallake zuwa inda tambayarsa take.

Hadiza:
Tsallakewar tana da haɗari ɗaya a tsarin taurari biyu. Lokacin kumburar ne daidai lokacin da gas ke fara kwarara zuwa maƙwabci, kuma kwararar tana canza tazarar da ke tsakaninsu. In mai nauyi ne ke bayarwa, suna matsowa kusa, kwararar ta ƙaru. Da zarar ya koma shi ne mara nauyi, sai su fara nesanta. Wanda ya tsallake zai ga sakamako kawai, ba zai san a wane gefen ya tsaya ba. A bar maɓallin tsallakewa ga tauraro ɗaya, amma in biyu ne wasan ya tsaya da kansa a daidai lokacin da gas ɗin ya fara ƙetarawa.