Zan bar gidan gado: Rijiyar Zaki ko Danbare? Wanda ya zauna ya ba ni labari

Abban Khadija:
Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, kuma don Allah wanda ya taɓa zama a wajen shi nake so ya yi magana. A gidan gadonmu nake a Mandawari, cikin birnin Kano, ciki da falo, ni da iyali da yara uku. Babbar ta shiga shekara tara, kun ga kwana ɗaki ɗaya ya fara zama abin kunya. Shagona a Kantin Kwari yake. Dillali ya nuna min gida biyu. Na farko a Rijiyar Zaki, ɗaki biyu da falo, ba nisa da titi, dubu 850 a shekara. Na biyu a Danbare, ɗaki uku da tsakar gida mai faɗi, dubu 700, amma sai ka nutsa ciki sosai kuma hanyar ba kwalta. Sayen fili ba ya cikin lissafina yanzu, haya nake nema. Abin da nake son sani: ruwa, wuta, makarantar boko da Islamiyya a kusa, sannan in yaro ya tashi da zazzaɓi tsakar dare ina ake nufa da shi. Hajiyarmu tana Mandawari, kullum sai na gaishe ta kafin na wuce kasuwa. Dillalin ya ce in ban biya zuwa Juma'a ba akwai mai jira.

Ɗan Fagge:
Wa alaikumus salam. Malam ka daure ka sayi fili ko rabin fuloti ne, ka yi ɗaki ɗaya ka shiga. Haya asara ce, kana gina wa wani ne kawai.

Injiniya:
Me ya kai ka titin Gwarzo? Ka duba Hotoro ko Mariri. Tunda aka yi gadar shataletalen Hotoro hanya ta buɗe.

Abban Khadija:
Na gode, amma na faɗa a sama, haya nake nema, kuma Hotoro ta yi wa Hajiya nisa.

Maman Ilham:
Yaya, shekararmu huɗu a Rijiyar Zaki, bari na faɗa maka abin da na sani. Ka cire ruwan famfo daga ranka, mu tunda muka zo famfon gidanmu bai taɓa ɗigo ba, igiyar shanya muke ɗaurawa a jikinsa. Abu na farko da za ka tambaya shi ne gidan yana da rijiyar burtsatse ko babu, in akwai kuma da me ake tayar da ita, sola ko jiran wuta. Mu namu babu, 'yan garuwa muke saye, jarka naira 100, kura biyu take kai mu kwana uku in ba a yi wanki ba. Islamiyya kam ba ka da matsala, kusan kowane layi akwai, yarana da ƙafa suke zuwa bayan la'asar. Boko ma makarantun kuɗi sun yi yawa, sai dai ka shiga ka ga ajin da idonka, wata makarantar gidan haya ce kawai aka raba falo da katako. Cefane akwai komai a bakin titi, kayan miya, mai niƙa, mai nama, ba sai na shiga Kasuwar Rimi ba sai in za a yi sayayyar wata. Abin da ba na so shi ne cunkoson safe daga Kabuga zuwa Tal'udu, ga 'yan makaranta ga ma'aikata ga motocin Jami'ar Bayero. Maigidana ƙarfe bakwai saura yake fita.

Ummu Sadiq:
Jarka 100? Anti a wane layin kike? Mu 150 muke saye, lokacin zafi har 200 sun kai mana, kuma sai ka yi wa mai kura waya kana lallashi kamar kana neman aurensa.

Maman Ilham:
Mu akwai mai burtsatse a bayanmu, ba sa tura kurar da nisa.

Sarkin Zolaya:
Ni dai abin da na gani a maganar nan shi ne ɗaki UKU a Danbare. Abban Khadija faɗi gaskiya, ɗaki na ukun na waye? Uwargida ta san da wannan lissafin?

Abban Khadija:
Kai dai Allah ya shirye ka. Wanda kuɗin haya ke hana shi barci ina shi ina amarya.

Baba Na-Allah:
Ɗana, a wane wata ka je ganin gidajen nan? In da rani ne to ba ka ga komai ba. Bari na ba ka labarina, ka ɗauki abin ɗauka.

Shekara uku da suka wuce na kama gida a can ɓangaren, cikin watan Maris, ana tsananin rana. Sabon fenti, tayil har banɗaki, ƙofar ƙarfe. Na lura fentin ƙasan bango, kamar kamu biyu daga ƙasa, ya fi na sama duhu, na tambayi dillali ya ce ado ne, haka ake yayi yanzu. Na biya shekara guda cif, na biya la'ada, na kwaso iyali. Maƙwabta suna ta yi mana sannu da zuwa, ba wanda ya ce uffan. Ashe wajen tsohon kududdufi ne aka cike da shara da ɓaraguzai aka yanka awon igiya, ba a bar wa ruwa hanya ko ta taku ɗaya ba.

Daren wata Laraba a watan Agusta aka fara ruwa bayan isha'i. Wajen ƙarfe biyu matata ta tashe ni ta ce tana jin sanyi a bayanta. Na sauke ƙafa na ji ta cikin ruwa. Ba ta ƙofa ya shigo ba, ta ramin banɗaki ya ɓullo, da duk abin da ke cikin masai. Na haska fitilar waya na ga jakar makarantar ƙaramin ɗana tana yawo a falo, allonsa na Islamiyya yana bin ta a baya. Buhun shinkafa da na sayo ranar Litinin, ko buɗe shi ba a yi ba. Muka ɗora yara kan teburin guga, ni da ita muna kwarfa da bokiti da kwanon sha har aka kira assalatu, kana zubarwa waje yana dawowa.

Da gari ya waye sai ga maƙwabcina yana cewa ai duk shekara haka gidan yake, mu ne na huɗu. Na ce to Malam me ya hana ka faɗa min? Ya ce ba ya son shiga tsakanin mutum da abincinsa. Na je wajen mai gida ya ce ruwa na Allah ne, shi bai saukar da shi ba. Dillali ya daina ɗaga wayata. Muka je gaban mai unguwa, aka yi zama biyu, ƙarshe aka ce in yi haƙuri a mayar min da kuɗin wata uku cikin bakwai da suka rage. Har yau dubu arba'in ɗina tana wajensa. Katifu biyu na zubar, matata ta yi wata guda tana jinyar ƙafa, yarinyata ta yi taifot. Gidan kuwa na wuce ta wajen bana, an sake fenti, wasu ne a ciki da labulensu sabo.

Ummu Sadiq:
Innalillahi. Baba Allah ya mayar da alheri. Wallahi har na ji tsigar jikina ta tashi wajen allon nan.

Ɗan Fagge:
Kun ga abin da nake faɗa. Da filinsa ne da bai shiga wannan ba.

Injiniya:
Da filinsa ne a cikin kududdufin da ya fi haka kuka, mai haya ai yana iya tattara kayansa.

Alhaji Mai Filaye:
Baba Allah ya kiyaye gaba, amma a yi adalci. Wace unguwa ce a Kano ba ta da layin da ruwa ke kwanciya? Cikin birni ma gidajen ƙasa nawa ke faɗuwa duk damina? Kada a ɓata wa unguwa suna saboda gida ɗaya. Kuma ba ka ma faɗi ko Rijiyar Zaki ce ko Danbare ko Rimin Gata ba. Abban Khadija, 850 a ɗaki biyu kusa da titi wallahi kyauta ce, irinsa miliyan ɗaya da ɗari biyu ake bayarwa yanzu. Ka biya kafin Juma'ar.

Maman Ilham:
Miliyan da ɗari biyu? Mu 600 muke biya, ɗaki biyu da falo.

Alhaji Mai Filaye:
Hajiya ke tsohuwar 'yar haya ce, ki fita yau ki ga nawa za a sa wa mai shigowa.

Sarkin Zolaya:
Jama'a ku dubi sunan mai maganar nan da kyau. Mai Filaye. Abban Khadija, duba lambar dillalinka ko ita ce.

Alhaji Mai Filaye:
Eh sana'ata ce, ban ɓoye ba, shekara goma sha biyar ina cikinta. Wa ya fi ni sanin farashi a nan? Ko wanda yake Abuja yana turo mutane Hotoro?

Injiniya:
Ina Abuja amma a Kano aka yanke min cibiya. Kuma ba mai cin la'ada ne zai ce wa mutum kada ya biya ba. Kura ce za ta ce a daina kiwon awaki?

Baba Na-Allah:
Ban faɗi layin ba ne don ba na son a ce na tona asirin wani. Abin da zan ce kawai, ya je ya tambayi mai shayi ko mai kanti na layin, ba maƙwabci na jikin gida ba, kuma ya duƙa ya dubi gindin bango. In ya ga gishiri-gishiri yana fitowa ta ƙarƙashin fenti ya kama gabansa.

Malama Hauwa:
Ba wanda ya amsa masa maganar dare. Ni a Danbare nake, shekara biyu. Iska da sarari kam alhamdu lillahi, yara suna wasa a ƙofar gida ba fargabar mota, ga shiru, abin da ban taɓa samu a cikin gari ba. Amma in ba ka da abin hawa ka yi tunani. Tun 2022 aka hana A Daidaita Sahu aiki daga ƙarfe goma na dare zuwa shida na safe, kuma ko da rana ba kowanne ke yarda ya shiga ciki da damina ba, sai ka ƙara masa. Ranar da ɗana ya yi shiɗewar zazzaɓi ƙarfe ɗaya na dare, ƙofar maƙwabci mai mota muka buga, Allah ya saka masa, da gajeren wando ya fito. Akwai ƙananan asibitocin kuɗi da kemis a kusa, amma abu in ya yi tsanani cikin gari za a ce ka tafi. Kai da kake Mandawari, Asibitin Murtala da na yara na Hasiya Bayero suna kusa da kai, za ka ji bambancin.

Abban Khadija:
Malama na gode, wannan ita ce irin amsar da nake nema. Babur gare ni. Wutar fa?

Malama Hauwa:
Wuta sai dai ka tambayi layin, don a unguwa ɗaya wani yana sha wani yana duhu. Mu taransifomarmu ta ƙone bara, wata biyu muna zaune.

Ummu Sadiq:
Kada ki tuna min. Mu dubu goma-goma aka ce kowane gida ya kawo na gyara, mai haya da mai gida duk ɗaya. Aka tara, aka gyara, sati uku ta sake tashi. Da aka zo karo na biyu na ce wa ɗan kwamitin ya fara kawo lissafin na farko, sai ya ce wai mata ba sa zuwa taron masallaci shi ya sa ban ji ba.

Ɗan Fagge:
Dubu goma? Mu dubu biyar muka bayar. Kwamitinku ya ci rabi.

Injiniya:
A ƙa'ida ma ba ku ne ya kamata ku gyara ba, kayan masu wuta ne, su ke karɓar kuɗi duk wata. Amma ku jira su ku shekara a duhu. Ga kuma zancen Band A, wato layin wuta mai tsada, tun Afrilun 2024 da aka kai yunit naira 225 kan cewa za a riƙa ba da awa 20 a rana, daga baya aka ɗan rage. Abban Khadija ka tambaya gidan a wane layin wuta yake kuma da mita ko babu. In babu mita, ka ga takardar kuɗin wutar da idonka, kada ka gaji bashin wanda ya tashi.

Baba Na-Allah:
Wannan ma ta same ni a gidan nan da nake faɗa. Dubu 180 na tarar a takarda, sunan wani mutum da ban taɓa gani ba, aka zo da tsani za a yanke.

Sarkin Zolaya:
Baba gidan nan naka akwai abin da bai same ka a ciki ba? Saura ka ce akwai aljanu.

Baba Na-Allah:
Aljanu ma ba za su zauna a wajen ba, yaro.

Ummu Sadiq:
Ni abin da ke ƙona min rai, ranar da za su zo yanka wuta ranar ake kawo ta tun asuba, ka ji firji ya tashi ka san yau akwai baƙi. Mai mita kuma yana zuba kati kamar yana ba jariri madara. Mun sa sola ƙarama bana, fanka biyu da ƙwai huɗu da cajin waya, hankalinmu ya kwanta.

Alhaji Mai Filaye:
Nawa ta tsaya miki? Akwai yarona yana haɗawa da sauƙi.

Malama Hauwa:
Alhaji har sola ma kana da ita?

Abban Khadija:
Jama'a an bar ni a tsaye. Na kira dillalin yanzu, ya ce na Rijiyar Zakin babu burtsatse amma akwai mita, na Danbaren akwai rijiya amma bai san zancen wuta ba, zai tambayo. Gobe bayan la'asar zan koma in dubi gindin bangon kamar yadda Baba ya ce. Wanda ya san kuɗin makarantar firamare mai dama-dama a ɓangaren, zango nawa ne? Yara biyu zan sa.

Ɗan Fagge:
Kuɗin makarantar yara biyu da na haya in ka haɗa na shekara biyu ai ka sayi fili.

Ummu Sadiq:
Injiniya, wai da gaske in mutum ya kai ƙara kan kuɗin taransifoma ana dawo masa da shi? Don har yanzu rasit ɗina yana nan a cikin kwalla.