Bawul ɗin zuciyar ƙanwata ya tsuke kuma yana yoyo, za a iya buɗe shi da balan-balan?

Ɗan Fagge:
Salamu alaikum. Ƙanwata ce, shekararta 26. Tun haihuwarta ta biyu take haki, ko tsakar gida ta share sai ta zauna ta huta, da dare kuwa sai an jera mata filo uku kafin barci ya ɗauke ta. An yi mata hoton zuciya, likita ya ce bawul ɗin mitral, wato ƙofar da ke tsakanin ɗakunan hagu biyu na zuciya, ya tsuke, kuma yana yoyo. Mun ji ana buɗe shi da balan-balan ba sai an tsaga ƙirji ba, amma ya ce sai an sake wani hoton. Da gaske yoyon na hana aikin, ko dai kuɗinmu ake hange?

Malamar jinya:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba ta lafiya. Malam, likitan nan gaskiya ya faɗa maka. Ta jijiyar cinya ake zura siririn bututu har zuciya, a hura balan-balan ɗin a bakin bawul, ya ɓamɓare leɓɓan da suka manne. Wani likitan Japan, Kanji Inoue, ya fito da dabarar a farkon shekarun 1980. To ɓamɓarewa ce da ƙarfi, shi ya sa yoyo kan ƙaru bayanta. In ɗan kaɗan ne ana yi. In ya kai matsakaici ko ya yi yawa, jinin da ke komawa baya sai ya ƙaru, ruwa ya taru a huhu, wani lokacin har a shiga tiyatar gaggawa.

Hoton na biyu ta maƙogwaro ake yi. Yana auna yoyon da kyau, ya kuma duba ko akwai gudan jini a ɗakin zuciya na hagu na sama, don in bututu ya taɓo shi ya tafi ƙwaƙwalwa, shanyewar ɓarin jiki ke nan.

Maman Biyu:
Ni an yi mini, nawa yoyon kaɗan ne. Washegari da ƙafata na taka. Amma ɗan'uwa, kada ta yi wasa da allurar fenisilin ta wata-wata. Ciwon maƙogwaron yarinta da ba a magance ba ne ya ja mana wannan, in ya dawo bawul ɗin zai ƙara lalacewa.

Malamar jinya:
In aka ce sai canjin bawul, ku tambaya na ƙarfe ne ko na naman dabba. Na ƙarfe sai shan warfarin, maganin hana jini daskarewa, har ƙarshen rayuwa, maganin kuma na iya cutar da ɗan tayi. Tunda tana shekarun haihuwa, a yi maganar mijinta na zaune.

Ɗan Fagge:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Litinin za mu koma, zan taho da mijin nata.