Masu koyar da tanis, kun ji USPTA ta canza suna?

Koci_Malali: Salam 'yan uwa. Wai ashe ƙungiyar nan ta masu koyar da tanis ta Amurka, USPTA, wadda ta ba ni satifiket, tun 2024 ta koma RSPA, wato ƙungiyar ƙwararrun wasannin raket, ni sai jiya na ji a Murtala Square bayan mun tashi tirenin. To satifiket ɗina fa? Ga katin kasuwanci da riguna na buga da tsohon tambari, kuɗi ba kaɗan ba wallahi.

Baban_Ummi: Kwantar da hankalinka malam, ƙungiyar ita ce dai wadda aka kafa tun 1927, riga kawai ta sake. Sun ga pickleball da padel, wasannin raket masu kama da tanis, sun cinye kasuwa a can shi ya sa suka cire kalmar tanis suka sa raket don su haɗa har da masu sikwash, kowa ya shigo inuwa ɗaya.

Hajjo_Barnawa: Hhhh padel a Kaduna? Mu da ƙwallo sai ta yi sanƙo muke canzawa. Iyayen yara ba ruwansu da tambari, su dai su ga yaro ya iya sabis.

Koci_Malali: Haka ne Hajiya, amma rigunan nan sai sun yage zan sake.