Garejin bulo a Hanwa: in zuba kankare kawai ko sai an haƙa fandisho?

Baban Hafsat:
Assalamu alaikum jama'a. Akwai ɗan fili a gefen gidana a Hanwa, Zariya, ƙafa 20 tsawo, 12 faɗi, ina so in yi gareji da bulo in rufa da kwano. Mota ce ɗaya, sai janareta da tarkacen da uwargida ta gaji da ganinsu a zaure. Birkilan da na kira ya ce ba sai an haƙa fandisho ba, a share wurin a zuba kankare inci huɗu, ya bushe ya ɗora bulo a kai, wai ai ba bene ba ne. Hankalina bai kwanta ba. Wurin can da rami ne da aka haƙi ƙasar gini, daga baya muka cike shi da shara da ɓaraguzai, kuma duk watan Agusta ruwa na kwanciya har yara su sa jirgin takarda. Buhun siminti nawa zai ci? Kuma rodi dole ne?

Tsohon Birkila, Tudun Wada:
Wa alaikumus salam Alhaji. Tunda ka ce cikon shara ne, maganar ɗora bulo a kan inci huɗu ba ta taso ba. Shara ruɓewa take yi, ƙasa ta zauna, kankaren ya rage a rataye, sai ka ji yana ƙara kamar ganga in ka buga shi. A kwashe sharar nan kaf har a tarar da ƙasa mai tauri. A haƙa fandisho zagaye inda bango zai zauna, a zuba kankare a ƙasan ramin, a tashi da bulo inci tara a cike ramukansa da kankare, har ya ɗara tsayin titin ƙofar gidanka. Sannan a yi ciko da jar ƙasa mai burji.

Wurin cikon nan ake cutar masu gida. Tifa ta juye, lebura su baje da shebur, shi ke nan wai an gama. A'a. Kaɗan-kaɗan ake zubawa, kamar inci shida, a yayyafa ruwa, a daɓe, a ƙara wani. Ka taka da dugaduganka, in ya lotsa ba a daɓu ba. Ni a da da guntun icce mai nauyi muke yi, yanzu akwai injin daɓe na haya. Kafin a shimfiɗa ledar da kankare zai zauna a kai kuma a zuba maganin gara, ka san halin garar Zariya.

Injiniya daga Samaru:
Baba ya gama magana a kan ƙasa, bari in taɓa lissafi. Don mota zan ce a yi inci shida. A ƙafa 20 da 12, wannan kankare ne kusan kubik mita 3.4. Da haɗin 1:2:4, wato buhu ɗaya mai kilo 50, kwanon sarki huɗu na yashi, takwas na dutse, ka tanadi buhu 22 zuwa 24 na daɓen kaɗai, ban da fandisho da ɗora bulo. In inci huɗu ne wajen 15. Yashin ya zama mai kaushi na rafi, ka damƙa a hannu, in ya bar maka laka a tafi kada ka karɓa.

Batun ƙarfe, ragar wayar da ake sa wa daɓe ta isa, ko rodi mai kaurin milimita 10 a saƙa. Amma a ɗaga shi da ƴan duwatsu ya zauna cikin kankaren, in ya kwanta a kan leda kuɗinka kawai ka binne. Kafin a zuba, auna daga kusurwa zuwa kusurwar da ke kallonta, duka biyun su zo daidai, in ba haka ba kafinta ne zai sha wahala wajen kwano. A ba shi ɗan gangare zuwa ƙofa saboda ruwan wankin mota. Kuma tunda a bakin titi ne, leƙa KASUPDA, hukumar tsara birane ta jihar Kaduna, kan izinin gini kafin ka kashe kuɗi.

Maman Abba, Gyallesu:
Ni abin da ya same mu zan faɗa. Mun zuba namu a tsakiyar hunturu, lebura suka cika wa kwaɓin ruwa don ya yi musu sauƙin ja, ya zama kamar koko. Aka gama da la'asar, maigida ya yi tafiya, ba wanda ya ce mini ana ba shi ruwa. Kwana biyu sai ga tsaga ko'ina kamar ƙasan tafki a bazara, har yau in na yi shara gari ke tashi. Don Allah ka sa yara su riƙa jiƙa shi safe da yamma aƙalla mako guda, ka lulluɓe da buhunan simintin da aka juye.

Injiniya daga Samaru:
Gaskiya ne Hajiya. Kuma kada mota ta hau sai ya yi kwana 28, lokacin ƙarfinsa ke cika. Bulo dai ana iya fara ɗorawa bayan ƴan kwanaki.

Baban Hafsat:
Allah ya saka da alheri. Jiya na sa yaro ya haƙa gwaji a tsakiya, sai da ya kai gwiwa yana fito da ledoji da tsohon takalmi kafin jar ƙasa ta bayyana. Na nuna wa birkilan, ya sosa ƙeya ya ce to a yi fandishon. Baba na Tudun Wada, injin daɓen nan a Sabon Gari ake samun hayarsa, kuma da mai tuƙa shi yake zuwa ko ni zan nemo?